Kusheyin Durɓawa da Magadansu

Matafiyin da ya tashi daga Bader Goula a Nijar ya nufi kudu, ya ratsa Dakoro, ya sauka Maraɗi, ya ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, zai tsinci kansa a birnin Katsina. Mafi yawanmu nan muke tsayawa, domin ko kasuwa ce ta kai mu, ko neman magani, ko zumunci. Kaɗan ne suke ƙara gaba su bi hanyar gabas wadda ta nufi Mani da Daura. Kimanin kilomita 32 daga birnin, a ƙasar Mani, akwai wasu tuddai a cikin gonaki, aƙalla guda takwas, da kukoki a kusa da su. Wanda bai sani ba zai wuce abinsa yana zaton tudu ne irin na ko'ina. Alhali hannun mutane ne ya tara wannan ƙasa, kwando bayan kwando, a kan gawarwakin manyansu. Wurin shi ne Durɓi ta Kusheyi, kuma a duk ƙasar Hausa da wuya a sami makwancin da ya ba da labarin farkon biranenmu kamar yadda wannan ya bayar.

Kada mai ziyara ya sa ran ganin hubbare irin na Shehu a Sakkwato. Abin da zai gani ƙasa ce da iska da ruwan sama suka yi shekaru ɗaruruwa suna lasa, har kan tuddan ya kwanta. Ladabin zuwa irin wannan wuri shi ne a fara isa ga mai gari a gaishe shi, a nemi ya haɗa mutum da wani dattijo. Idan aka yi haka, abin da kunne zai ji ya fi abin da ido zai gani yawa, domin sunayen waɗanda ake cewa suna kwance a nan ba su ɓace daga bakin mutane ba.

Labarin da aka gada ya ce kafin a san birnin Katsina da ganuwarsa da ƙofofinsa, a nan ikon ƙasar yake, a hannun wasu mutane da ake kira Durɓawa. Shugabansu shi ne Durɓi, kuma sarauta da tsafi a haɗe suke a hannunsa: shi ke tsayawa tsakanin jama'a da kakanninsu, shi ake dubawa idan ruwa ya yi jinkiri ko annoba ta shigo. Jerin sarakunan Katsina ya fara ne da Kumayau, wanda ake dangantawa da Bawo ɗan Bayajida na Daura, sannan Ramba-Ramba, da Bataretare, da Jarnanata, har a zo kan Sanau, wanda shi ne na ƙarshensu. Ruwayoyi sun sha bamban a kan ko Kumayau Badurɓe ne ko kuwa zuwa ya yi ya tarar da Durɓawa ya rinjaye su. Amma duk sun haɗu a kan cewa sarautar ta bar gidan ne a zamanin Sanau, kuma a filin kokawa ta bar shi.

Ga yadda ake ba da labarin. Wani mutum mai suna Korau ya zo daga 'Yandoto, garin malamai da fatake, ya sauka a wurin Sanau, suka ƙulla abota. A wancan zamani al'ada ce sarki ya fito ya yi kokawa da mai ja da shi a gindin wata tsamiya, kuma Sanau ba ya faɗuwa, saboda wani asiri da yake ɗaurawa a jikinsa. Korau ya shawo kan matar sarki ta raba mijinta da asirin. Ranar da aka haɗu, ya kayar da Sanau, ya zare takobi ya yanka shi. Takobin nan shi ne Gajere, wanda har yau yake cikin kayan sarautar Katsina, kuma fadar kanta Gidan Korau ake kiranta. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya sanya sarautar Muhammadu Korau a tsakiyar ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka sarki Musulmi na farko a ƙasar. Ko mutum ya karɓi zancen kokawar yadda yake ko ya ɗauke shi a matsayin hanyar da mutanen da suke taƙaita babban juyin mulki, abin da ke ciki a fili yake: iko ya tashi daga masu kula da kusheyin kakanni ya koma sabon birni, inda fatake da malamai suke da faɗa a ji.

Shekaru sun tafi, tuddan suna nan ba wanda ya taɓa su, sai a 1907. A lokacin Turawan Ingila ba su fi shekara huɗu da cin Katsina ba, kuma Baturen da ke kula da ita shi ne Herbert Richmond Palmer, mutum mai tsananin son tarihin ƙasashen nan, wanda ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Turanci, daga baya kuma ya zama Laftanar Gwamnan Arewa. Shi ne ya tsaya aka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko. Dikko kuwa, kafin ya zama sarki, sarautar da yake riƙe da ita ita ce Durɓi, kamar yadda mahaifinsa Gidado ya riƙe ta. Basulluɓe ne shi, ba jinin Sanau ba, amma ƙasar da kusheyin suke ƙasarsa ce, ya san ta ciki da bai. Da haɗin kansa Palmer ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan.

An sami kaya a wannan haƙa, na yumɓu da na ƙarfe. Amma kayan sun ɓace, kuma bayanin da aka bari a rubuce ɗan kaɗan ne. Wannan asara tana yi mini ciwo ƙwarai, domin kabari ba rijiya ba ne da za a sake yasa gobe. Wanda ya buɗe shi sau ɗaya ya buɗe shi har abada, kuma duk abin da bai auna ba, bai zana ba, bai rubuta ba a ranar, ya tafi ke nan. An ta da mutanen da suka yi shekaru ɗari biyar ko shida suna kwance, aka raba su da kayansu, sannan jikokinsu ba su ƙaru da ilimin da zai zama dalilin tayarwar ba.

Sai bayan shekara 85 aka sake komawa. A 1992 wani ayarin bincike na Jamusawa, ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth, ya buɗe tuddai uku. A tsakiyar kowanne an tarar da mutum guda kwance da kayansa. Masu aikin suka ga cewa idan suka ce za su tsinci kayan ɗaya bayan ɗaya a cikin rana da iska, ƙarfen da ya yi tsatsa zai marmashe, ragowar tufa da fata kuwa za su zama ƙura a hannunsu. Saboda haka suka yanko ƙasar dunƙule-dunƙule da abin da ke cikinta, suka ɗaure, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. A nan dunƙulen suka zauna shekara 15. A 2007 hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da wani babban gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, wanda ya shahara wajen gyaran tsofaffin kaya, aka tafi da su can. Masanin da ya jagoranci nazarin shi ne Detlef Gronenborn.

Aikin irin wannan na masu haƙuri ne. Ana fara ɗaukar hoton dunƙulen da na'urar da ke ganin ciki, irin wadda likita ke duba karaya da ita, don a san inda kowane abu yake kafin a sa hannu. Daga nan sai mai gyara ya zauna da ɗan tsinke da buroshi mai laushi da madubin ƙara girma, yana cire ƙasa kaɗan-kaɗan. Idan wuri, irin na kuɗi, ya bayyana ba ya ɗaga shi, sai ya bar shi ya bi sahun na kusa da shi, domin jerin da suka yi shi zai nuna ko a jikin hula aka ɗinka su ko a ɗamara, ko da zaren ya daɗe da ruɓewa. Da haka kayan suka fito: mundaye na hannu da na ƙafa na tagulla, awarwaron hauren giwa, duwatsun ado na gilashi da na dutse, kuɗin wuri, 'yan kunne da zobe na zinariya, da ragowar tufa da itace da fata. A ɗaya daga cikin kusheyin, wanda masu binciken suka ba lamba 7, an sami tasa ta tagulla da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, irin aikin maƙeran Masar da Sham na zamanin sarakunan Mamluk.

Da yawa daga cikin kayan aikin gida ne, na maƙeranmu da dukawanmu da masaƙanmu, kuma ya kamata a faɗi wannan da ƙarfi, domin ido yakan tafi ga abin da ya zo daga nesa ya manta da hannun da ke kusa. Amma kayan nesan su ne suke nuna hanyoyi. Wuri dai ba a samunsa a gulbin Maraɗi ko a tafkin Chadi. Irin wanda aka yi kuɗi da shi a ƙasashenmu daga tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldib. Ibn Battuta, matafiyin nan na Tanja, ya zauna a waɗannan tsibirai ya ga yadda ake tara shi, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo. A 1353, a kan hanyarsa ta komawa gida, ya sauka a Takadda, wadda masana suke ganin ita ce kufan Azelik kusa da Tagiddan Tesum, arewa maso yammacin Agadas. Ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a can, ya kuma ambaci ƙasashen da ake kai shi, har da Borno da Gobir.

A nan labarin ya shigo ƙasarmu, Nijar. Gobirawa sun daɗe a Azbin kafin su gangaro kudu, kuma ɗaya daga cikin biranen da sarakunansu suka zauna a wannan doguwar ƙaura shi ne Birnin Lalle, wanda yake nan cikin gundumar Dakoro, tun kafin a gina Alƙalawa a ƙarni na 18, balle Tsibiri da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wanda ya shimfiɗa taswira ya ja zare daga Azelik ko Agadas zuwa Katsina zai ga zaren ya bi ta Damargu ko ta ƙasar da kwarin Tarka ya ratsa. Nan ne gona take ƙarewa makiyaya ta fara, har ma dokar Nijar ta 1961 ta ja iyakar noma ta arewa a wannan yanki. Inda manomi da makiyayi suke haɗuwa kuwa, nan hatsi ke gamuwa da gishiri, nan ayari ke yin zango ya sha ruwa ya ƙara guzuri. Mun saba ɗaukar kanmu mutanen gefe, nesa da Yamai, nesa da kwalta. A zamanin da ake binne manyan Durɓawa da zinariya a kunne, ƙasar da ke tsakanin Azbin da Katsina ita ce ƙofar da duniya take shigowa ta cikinta.

Shekarun kusheyin sun zo da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Awon kabon da aka yi ya sanya ɗaya daga cikinsu a farkon ƙarni na 14, wato kusan lokacin da Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta aikin hajji. Wannan ya yi daidai da abin da tsofaffi suke faɗa, cewa Durɓawa sun riga Korau. Amma tasar nan ta kabari na 7, bisa ga salon ƙirarta, ta ƙarshen ƙarni na 15 ce ko farkon na 16. Mutum ba ya shiga kabari da abin da ba a ƙera ba tukuna, saboda haka mai wannan tasa an binne shi ne bayan Korau ya riga ya karɓi sarauta. A waɗannan shekaru Muhammadu Rumfa yake mulkin Kano, daga 1463 zuwa 1499. A cikinsu Shehu Almagili ya zo Kano da Katsina, kuma Imam Suyuɗi ya rubuto wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim yana yi musu nasiha. Wasiƙar malami da tasar maƙeri daga ɓangare ɗaya na duniya suka taso, suka ƙetare sahara ɗaya. Ta farko ta isa fadar sarki Musulmi, ta biyu ta ƙare a kabarin da aka tara wa tudu aka cika da kayan ado, abin da Musulunci bai san shi ba, domin Musulmi da likkafaninsa kaɗai yake tafiya.

A fahimtata, wannan yana nuna cewa faɗuwar Sanau ba ta rushe gidan Durɓi ba. Sun rasa gadon sarauta, amma sun ci gaba da riƙe girma da dukiya da al'adarsu, tafiyar yini ɗaya kacal daga birnin da ake gina masallatai a cikinsa, har suna samun rabonsu daga kayan da fatake Musulmi suke kawowa. Sabon sarki bai ga dalilin kawar da su ba, ya jawo su cikin majalisa. Musulunci ya shiga ƙasar Hausa a hankali, gida-gida, tsara bayan tsara, kuma kakannin da yawa daga cikinmu sun daɗe a ɗaya ɓangaren kafin su ƙetaro. Ba na ganin abin kunya a cikin wannan. Wanda ya san tsawon hanyar da iyayensa suka biyo shi ya fi sanin darajar inda suka kawo shi.

A daidai shekarun da wannan tasa take hannun mai ita, wani al'amari yana faruwa a can ƙetaren tekun Atlantika wanda yake sa in ƙara ganin girman abin da muke da shi. Ranar 12 ga Oktoba, 1492, jiragen Kiristofa Kolumbus suka tsaya a wani tsibiri da mazaunansa suke kira Guwanahani, a cikin tsibiran da yanzu ake kira Bahamas. Mutanen da suka fito suka tarye shi su ne Lukayawa, masunta kuma manoman rogo da masara, masu sassaƙa kwalekwale daga gungumen itace guda, waɗanda suka yi shekaru ɗaruruwa a tsibiran. Su ne mutanen farko na wannan nahiya da Turawan Sifaniya suka haɗu da su. A 1509 sarkin Sifaniya ya ba da izinin a kamo su bayi. Aka kwashe su zuwa ma'adinan zinariya na tsibirin Hisfaniyola, wasu kuma, da yake gwanayen nutso ne, aka kai su Kubagwa kusa da gaɓar Benezuwela suna tsamo lu'ulu'u har su mutu. Kafin 1520 ta wuce, tsibiran sun zama kufai. Abin bai kai shekara 30 ba.

Lukayawa sukan binne matattunsu a cikin koguna da ramukan ruwa masu zurfi, wani lokaci tare da kujerun itace na manyansu. A tsibirin Elutera akwai wani kogo da ake kira Kogon Mai Wa'azi, saboda wasu Turawan Ingila da jirginsu ya fashe a kusa da wurin wajen 1648 sun fake a ciki suna ibada. A ƙarƙashin ƙafafunsu akwai kaburburan Lukayawa. Daga haƙorin wata mace da aka binne a can fiye da shekara 1,000 da suka wuce, Hannes Schroeder na Jami'ar Kofanhagan da abokan aikinsa suka ciro ƙwayoyin gadonta, suka buga sakamakon a 2018. Ya nuna asalin mutanenta daga arewacin Kudancin Amurka yake, kuma akwai ragowar jinin danginsu a jikin mutanen Fotoriko na yau. Babban aiki ne. Amma mai ziyarar kogon ba zai sami dattijon da zai ce masa wance ce wannan, ɗiyar wane, ga abin da ya faru a zamaninta ba. Babu mai sarautar da ta taso daga gidansu, babu maroƙin da ya riƙe jerin sunayensu. Mazauna Bahamas na yau, waɗanda yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, su suke kula da kaburburan mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba.

Namu kusheyin suna da magada, kuma a ɓangarori biyu na iyaka. Lokacin da jihadi ya ci Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, amma sarautar Durɓi ba ta mutu ba, sai dai ta koma wani gida. Har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, kuma yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Sarakunan Haɓe da aka kora kuwa suka yi arewa, bayan wahalhalu da yaƙe-yaƙe ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819, suka tafi da tsarin majalisarsu gaba ɗaya. Shi ya sa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, kuma a fadarsa ma akwai Durɓi a cikin manya huɗu masu naɗa sarki. Bamaraɗe ko mutumin Dakoro da ya tsaya a gaban tuddan nan ba yawon buɗe ido ya je yi a ƙasar wasu ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta zo ne bayan kusheyin sun yi shekaru ɗaruruwa a wurin.

Samun magada kuwa bai isa ya tsare kabari ba, kuma Nijar ta ɗanɗana wannan. A 1975 aka gano makabartar Bura kusa da Tera, a jihar Tilaberi, inda ake kifa dogayen tukwane masu kawunan mutane a kan matattu tun daga ƙarni na 3. Boubé Gado na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Yamai ya haƙa wurin a 1983 bisa ƙa'ida, ya fito da mutum-mutumin mahayin dokin nan da ya zama abin alfaharin ƙasa. Da aka nuna kayan Bura a wani baje koli da ya fara daga Faris a 1993, masu tara kayan tarihi na Turai suka buɗe jakunkunansu, dillalai suka bazama ƙauyuka, talakawa suka ɗauki diga da shebur. Cikin 'yan shekaru aka tone wurare masu yawan gaske. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a jerin waɗanda aka haramta cinikinsu, tare da gumakan yumɓu na Nok da na Sakkwato da na Katsina. Ba na zagin manomin da fari ya ci gonarsa ya karɓi 'yan kuɗin dillali. Laifin ya fi nauyi a kan mai saye, da kuma hukumomin da suka bar shi bai taɓa jin darajar abin da ke ƙarƙashin gonarsa daga bakin kowa ba sai daga bakin ɓarawo.

Makabartar Gobero kuwa, a cikin Tenere, nisa ne ya tsare ta. Ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya yi kiciɓis da ita a 2000 yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da, aka tarar da kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, mafi tsufansu sun kusa shekara 10,000. A ciki akwai wata mace da yara biyu da aka kwantar suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe.

Mu nan ba mu da labarin irin wannan babban binciken a ƙofar gida, amma duk wanda ya yi noma ko kiwo a ƙasar Dakoro ya san kufai. Bayan iskar bazara ta share bayan tudu, sai ka ga tsingaro a warwatse, wani da zanen igiya a bakinsa, wani da huda-huda irin wanda matan yanzu ba sa yi. Ka ga rabin dutsen niƙa da cikinsa ya lotsa saboda aiki, da baƙin kashin maƙera mai nauyi a hannu, wani lokaci da ɗan dutsen ado mai huda wanda yarinya za ta tsinta ta zura a zare ta rataya. Idan hauya ta ci karo da ƙashi, manomi yakan yi salati, ya mayar da ƙasa, ya ce kabarin mutanen da ne, ya matsa gaba. Wannan mayar da ƙasa da yake yi daidai ne, kuma ya fi abin da aka yi a 1907. Abin da ya rage shi ne mataki na biyu, wato a san wurin a rubuta shi.

Tambayar ko ya halatta a tone kabari don neman ilimi ba ƙarama ba ce a wurin Musulmi, kuma ban yarda da masu yi mata dariya ba. Mamaci yana da alfarma ko wane ne shi. Ra'ayina shi ne kada a buɗe kabari sai da dalili mai ƙarfi, da yardar mutanen wurin da sarakunansu, a hannun waɗanda suka iya aikin kuma suke da kuɗin kammala shi, sannan a mayar da ƙasusuwa makwancinsu idan an gama. Amma mafi yawan aikin da ƙasarmu take bukata ba ya ma bukatar tono. Zagayawa ce da ido da littafi: a bi kufai ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan da mutane suke kiransa, a ɗauki hotonsa da waya, a zauna da tsofaffi a naɗi abin da suka ji daga iyayensu game da waɗanda suka zauna a nan da dalilin tashinsu. Malamin makaranta da ɗalibansa za su iya wannan a hutu guda. Tsofaffin da suka san jerin rijiyoyi da zangunan da ke tsakanin Tarka da Birnin Lalle suna raguwa kowace shekara, kuma zaizayar ƙasa da faɗaɗar gonaki ba sa jiran kowa.

Kayan Durɓi ta Kusheyi an nuna su a Mainz a 2011, aka mayar da su Nijeriya a 2014. A 2019 wasu daga cikinsu suka sake fita aro zuwa Amurka, cikin wani baje koli na tarihin fataucin sahara da aka buɗe a Jami'ar Northwestern kusa da Shikago, inda aka jera su tare da kayan Gawo da Tadmakka da Sijilmasa. Ina fatan ranar da hukumomin Katsina da na Maraɗi za su shirya irin wannan a tsakaninsu, ko da da hotuna ne da kwafin kayan, ya zagaya makarantun Mani da Tasawa da Dakoro.

Kafin wannan rana, akwai abin da ke hannun kowa. Nijar tana da doka tun 1997 da ta sa kayan tarihin da ke cikin ƙasa a ƙarƙashin kariyar hukuma, ta hana tono da fitar da su ba da izini ba. Wanda ya ci karo da tukunya a kife, ko ƙashi da munduwa a jikinsa, ya bar su yadda suke ya rufe, ya sa alama, ya gaya wa mai gari, shi kuma ya kai maganar ga hukumar gari don ta isa ga masu binciken Jami'ar Yamai. Kada a wanke, kada a kankare tsatsa, kada a raba abu da abin da ke kusa da shi, domin zurfin da aka same shi da yadda yake kwance da ɗan gawayin da ke gefensa su ne ake aunawa a san shekarunsa.